Koren Damisa da Darbejiyar Gyadi-Gyadi

A watan Afrilun bara, ana tsakiyar bazara, tifa ta juye yashi a filin da ke ƙarshen wani layi a Gyadi-Gyadi. Washegari aka kawo bulo. Filin na Alhaji Ɗanladi ne, ɗan kasuwa mai ofis a Tarauni, kuma kafin la'asar kowa ya ji cewa shaguna zai gina.

A bakin filin akwai tsohuwar darbejiya. A gindinta Inna Lami take suyar awara tun kafin kwalta ta shigo layin. Gidanta ɗaki biyu ne da ɗan soro, babu inda za ta kafa kasko, kuma mai sayen awara ba ya tsayuwa a rana. In darbejiya ta tafi, sana'arta ta tafi. A gefenta Malam Bello tela yake kafa kekensa. Baba Ayuba, tsohon malamin firamare mutumin Kagoro, yakan zo da kujerarsa da rediyonsa. Can a jikin kututturen kuma akwai teburin cajin waya na Abdulmalik, autan Inna Lami, wanda ya taɓa shiga makarantar koyon kwamfuta a titin Gidan Zu ya baro. Dalilinsa shi ne malamin ya fara yi masa tambayoyi don ya ƙaru da shi.

"Sai mu haɗu mu je wurin Alhaji," in ji Malam Bello, zare a bakinsa. "Mu roƙe shi ya bar mana bishiyar nan."

Abdulmalik ya yi dariya ta hanci. "Roƙo, Malam? A wannan zamanin? A ƙasashen da suka ci gaba, in kamfani ya taɓa bishiya ba wanda yake zuwa ya durƙusa masa. Kutse ake yi masa."

"Irin na gidan biki?"

"Kutsen kwamfuta. Ina zaune a nan zan shiga ofishinsa."

"To in ka shiga ka gaida min Rebecca," in ji Baba Ayuba. "Ka ce ta taho da burodi."

Rebecca 'yarsa ce, ita ce sakatariyar Alhaji.

Abdulmalik bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye ya yi musu bayani cewa bishiya tana shaƙe hayaƙi ta ba da iska, cewa zafin Kano ƙaruwa yake saboda sare itatuwa, cewa ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya haddace shi daidai. Daga nan ya ce a ba shi mako guda, kada kowa ya je wurin Alhaji, domin zuwan zai tona shirin. Dattawan suka dubi rana, suka tuna nisan Tarauni a ƙafa, suka ba shi.

Washegari ya fito sanye da baƙar riga mai hula ta 'yan gwanjo, irin ta lokacin sanyi, ya ja hular har goshi.

"Auta, zazzaɓi kake?" in ji Inna Lami.

"Inna, daga yau kada ki ƙara kirana Auta a waje. Sunana Koren Damisa."

"Damisa kore? A wane daji?"

"Ba a daji ba. A yanar gizo."

"To Allah ya raba ka da ƙuraje," in ji ta, ta juya awararta.

Matakin farko gargaɗi ne. Ya ce dole Alhaji ya ji murya daga cikin kwamfutarsa, muryar da ba zai gane mai ita ba. Don haka ya shiga soro ya kifa bokiti a kansa ya yi magana a ciki, waya tana ɗauka. Da ya fito ya zauna a teburinsa yana latse-latse. Wayar ta nuna masa na'urorin da ke kusa, kuma a cikinsu akwai wadda aka sa wa suna ALHAJI.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ko ɓoye sunansa bai yi ba."

"Daga Tarauni ake ganinsa har nan?" in ji Malam Bello.

"Ku ba za ku gani ba. Ni nake gani."

Ya danna.

A bakin layin akwai wata tsohuwar mota mai lasifika a kai, ta wani Alhaji mai maganin basir da yake tsayawa a nan kullum da hantsi. Yana cikin lissafa alamomin cutar sai lasifikar ta yi ƙara ta ɗauke. Sannan wata murya mai kauri, kamar daga ƙasan rijiya, ta cika unguwar.

"Alhaji Ɗanladi, da kai nake. Ni ne Koren Damisa. Ba ka san ni ba, kuma ba za ka taɓa sanina ba. Ba ni da suna, ba ni da gida, ba ni da fuska. In ka taɓa darbejiyar Gyadi-Gyadi..."

Sai wata muryar, ta mace, tar da ita: "Auta! Cire kanka daga bokitin wakena!"

Sai maganar ta sake farawa daga farko.

Abdulmalik ya danna nan, ya danna can, sauti ya ƙaru. Mai magani ya fito daga mota yana dukan lasifika da takalmi. Masu faci suka ajiye tayoyi. Mata suka leƙo ta katanga. Sai da maganar ta zagayo sau da yawa kafin Baba Ayuba ya miƙa hannu ya karɓe wayar ya kashe ta gaba ɗaya.

"Gwaji ne," in ji Abdulmalik. "Yanzu na san ƙarfin sautin."

"Mu ma mun sani," in ji Malam Bello.

Wani ya riga ya ɗauka a wayarsa. Kafin magariba 'yan adaidaita sahu a kasuwar Tarauni suna ce wa juna a cire kai daga bokiti in an tare hanya. Mai maganin basir kuwa ya dawo da safe ya yi wa Abdulmalik godiya, domin mutane sun yi ta tambayarsa ko yana da Koren Damisa, shi kuma ya ce yana da shi.

Kwana biyu suka wuce. Ran Asabar sai ga Rebecca da jaka a kafaɗa. Ta ce Alhaji ya tafi ɗaurin aure Haɗeja, kwamfutar ofis kuma ta ƙi yin caji sai an danne wayar cajin da hannu. Masu gyara na Farm Centre sun yi mata nisa a wannan rana.

"Abdul, wurin cajin kawai za ka duba. Kada ka buɗe komai. Litinin da safe zan biyo in karɓa."

"Anti Rebecca, ai kin kawo gida."

Tana juya baya ya ɗaga kwamfutar sama da hannu biyu kamar wanda ya ci kofi.

"Kun gani? Ban je ba. Ita ta zo."

"Ai mun ga wadda ta kawo ta," in ji Malam Bello.

"Wa ya sa wurin cajin ya lalace?"

"Kai ne?"

Abdulmalik ya yi murmushi ya ja hularsa. Baba Ayuba ba ya nan, ya tafi taron coci, don haka ba wanda ya ce a rufe.

Kwamfutar ta nemi lambar sirri. Ya sa sunan Alhaji, ta ƙi. Ya sa lambar motarsa, ta ƙi. Ya sa sunan Hajiya matarsa, ya sa Daurawa inda Alhaji yake zaune, ya sa tuwon shinkafa. Gumi yana bin hular yana ɗiga a kan tebur. Azahar ta wuce. Inna Lami ta ga ɗanta bai ci komai ba, ta zuba awara a faranti, ta duba teburin ba ta ga wuri ba, ta dangwarar da shi a kan madannan. Kwamfuta ta buɗe. Ba a taɓa sa mata lambar sirri ba, jira kawai take a danna mata shiga.

"Na gajiyar da ita," in ji Abdulmalik. "Haka ake yi. Sai ta rasa ƙarfi."

A gabansa ga WhatsApp ɗin ofis a buɗe, da hoton Alhaji cikin babbar riga. Ga kuma sunan Murtala, shugaban leburorin da ke aikin filin. Daga inda suke suna hango shi a tsaye kan tarin bulo, dogon mutum mai hular kwano, mutumin Gezawa.

"Yanzu ni ne Alhaji," in ji Abdulmalik. "Abin da na rubuta shi za a yi."

Malam Bello ya tsayar da keke ya matso. "To ka fara da sallama. Ka tambaye shi iyali. Sannan ka ce masa, bishiyar nan ta bakin fili a bar ta, kada a taɓa."

"Malam, wannan ai wasiƙar ƙauye ce. Umarnin kwamfuta gajere ne. Abu, sai abin da za a yi masa."

Ya rubuta da manyan baƙaƙe: BISHIYA: KARE. Ya tura.

"Wato a kare ta," ya ce. "A ba ta kariya. An wuce wurin."

Suka ga Murtala ya zaro waya daga aljihu. Ya karanta. Ya cire hular kwano ya sosa kai. Ya dubi darbejiya, ya sake duban waya. Murtala ya yi shekaru yana wa Alhaji aiki, kuma abu ɗaya da ya koya shi ne Alhaji ba ya son a tambaye shi me yake nufi. Amsarsa ta shigo kwamfutar: An gama Alhaji.

Bayan la'asar sai ga Murtala ya nufo bishiyar riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai Kofur, tsohon karen Baba Ayuba, wanda shi kaɗai ne kare a layin. Baba Ayuba yana biye da su da kwanon ruwa, fuskarsa cike da fara'a.

"Jama'a ku taya ni murna," ya ce. "Kofur ya samu aiki. Masu digiri suna gida."

Murtala ya ɗaure igiyar a gindin darbejiya. "Umarnin Alhaji ne. Ya ce a sa kare a bishiya."

"Don me?" in ji Inna Lami.

"Hajiya, ni leburan gini ne. Wataƙila ɓarayin bulo yake tsoro."

Malam Bello ya tattare shaddar mutane ya rungume a ƙirji. "Ka janye shi! In ya lashi kayan sallar wani, kai za ka wanke?"

"Ba ya lasa," in ji Baba Ayuba. "Kare ne mai tarbiyya."

Kofur ya yi hamma, ya zagaya bishiyar, igiya ta naɗe ƙafar teburin caji. Sannan ya zauna daf da tiren awara ya zuba masa ido. Wasu 'yan mata da suka zo da kwano suka tsaya daga nesa, suka yi shawara, suka wuce wurin mai ɗanwake. Wani ɗan adaidaita ya rage gudu, ya ga kare, ya ƙara mai. Inna Lami ta juya ta ɗauko yaji, kafin ta waiwayo Kofur ya ɗauki awara ɗaya da ladabi ya koma wurinsa.

"Mai tarbiyya," in ji Malam Bello.

"Ɗaya ya ɗauka," in ji Baba Ayuba.

Inna Lami ta sunkuyo kusa da kunnen ɗanta. "Auta, wannan aikinka ne?"

"Mataki ne, Inna. Yanzu wa zai iya zuwa kusa da bishiyar?"

"Ba kowa. Har masu saye."

Lahadi ma haka aka yini. Rabin awarar ta kwana. Abdulmalik bai iya zuwa ya yi wa Murtala bayani ba, domin Koren Damisa ba shi da fuska. Ya ce kuma ba a tura umarni biyu a jere, sai na farko ya huce.

Litinin da safe, Abdulmalik ya hango Rebecca ta shigo layin. Ya buɗe kwamfutar da sauri.

"Wannan karon ka yi Hausa," in ji Malam Bello.

Ya yi Hausa. Ya rubuta: Ba kare mai haushi na ce ba. Bishiyar nake nufi. A kare ta. Yau din nan. Kada in dawo in tarar ba a yi ba.

Ya tura, ya rufe, ya miƙa wa Rebecca tana isowa.

"Ka gyara?"

"Ki dai riƙa danne wayar da hannu kafin ta saba."

A can kan bulo Murtala ya karanta, fuskarsa ta washe. "Yauwa," aka ji ya ce. "Yanzu na ji magana." Ya zo da kansa ya kwance Kofur, ya ba Baba Ayuba haƙuri cewa aikin ya ƙare. Ya dubi darbejiya daga ƙasa har sama, ya girgiza kai, ya koma yana kiran wani a waya.

Abdulmalik ya jingina da kututture ya harɗe ƙafa. Masu saye suka dawo. Malam Bello ya ce gaskiya yaron nan ba a banza ya je makaranta ba. Mai shayin bakin layi ya aiko masa da kofi guda. Ya karɓa ya ce shi ba don yabo yake yi ba, don na baya yake yi, kuma da ya gama da Gyadi-Gyadi zai juya kan masu zuba shara a kwatar Unguwar Gano. Ya ce akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ba sa barci saboda shi.

Bayan azahar adaidaita sahu ta tsaya a bakin filin. Wani gajeren mutum daga Darmanawa ya sauko da tsani da injin yankan itace.

"Wannan fa?" in ji Inna Lami.

"Shinge za su yi mata," in ji Abdulmalik. "Katako zai yanka."

Mutumin ya jingina tsani a jikin darbejiya, ya ce a matsa, ya hau. Injin ya yi kuka. Reshen da ke kan keken Malam Bello ya sauko da ganyensa da 'ya'yansa, Malam Bello ya ja keke baya da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. Baba Ayuba ya tsere da rediyo ya bar kujera. Inna Lami ta sauke kasko da mai yana tafasa tana salati.

"Malam Murtala! Me muka yi muku?"

"Hajiya, wallahi ni ma ba na so. Alhaji ya ce yau ɗin nan."

Reshe na biyu ya faɗo. Rana ta sauka a inda ba ta taɓa sauka ba, a kan murhu da tire da tabarma.

"Auta!"

"Kada kowa ya tsorata," in ji Abdulmalik. "Zan kashe injin daga nan."

Ya ɗaga wayarsa ya saita mai yanka, ya danna da ƙarfi. Injin ya yi tari ya mutu. Jama'a suka yi kabbara. Abdulmalik ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya hura kan wayar kamar bakin bindiga. Mai yanka ya zaro gorar fetur daga aljihun wandonsa, ya ɗura, ya ja igiya. Reshe na uku ya faɗo a kan teburin caji.

Inna Lami ta kama hular rigar ɗanta ta baya. "Ka ce kai damisa ne?"

"Na yanar gizo, Inna."

"Hau."

"Inna, ni aikina daga nesa..."

"Hau ka zauna a kanta. In zai yanka ya haɗa da kai."

Duk layin yana kallo. Abdulmalik ya kama tsani. Bai taɓa hawa abin da ya wuce benci ba, amma ya hau, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har ya kai wani reshe da ya miƙe ta yamma. Ya kwanta a kansa ya rungume da hannu da ƙafa ya rufe ido.

"Sauko, ɗan samari," in ji mai yanka.

"Ba zan sauko ba!" Wannan karon gaskiya ya faɗa.

Mai yanka ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da sauran. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na gabas, na kudu, na tsakiya. Sannan ya sauko ya janye tsaninsa ya zauna yana jiran a sauko masa da yaron ya gama.

Baba Ayuba ya riga ya kira Rebecca. Alhaji kuwa shigowarsa ofis ke nan daga Haɗeja. Ba a jima ba farar motarsa ta shigo layin tana ture ganye. Ya fito, Rebecca a bayansa da kwamfuta a hannu. Ya tsaya ya dubi abin da ya rage: kututture tsirara, reshe ɗaya, da wani baƙin abu manne a jikinsa.

"Murtala." Muryarsa a ƙasa take. "Ina bishiyata?"

"An kusa gamawa, ranka ya daɗe. Saura wancan."

"Wa ya ce ka taɓa ta? Saboda ita na sayi filin nan! Nan zan riƙa ajiye mota! Allon ma an rubuta shi, Darbejiya Plaza! Yanzu me zan rubuta, Kututture Plaza?"

Malam Bello ya dubi Baba Ayuba. Baba Ayuba ya dubi sama.

Murtala ya zaro waya. "Kai ka turo, Alhaji. Ga shi."

"Ni? Yaushe ka taɓa ganin na yi rubutu? Ba murya nake tura maka ba?"

"Na ɗauka biki ne ya hana ka magana."

Alhaji ya miƙa wa Baba Ayuba wayar. "Malam, kai ne malami. Karanta mana."

Baba Ayuba ya sa tabarau ya karanta a hankali, kamar a gaban aji. Da ya zo wurin ya tsaya. "A kare ta."

"A ƙare ta," in ji Murtala. "Haka na karanta."

"Babu lanƙwasa a kan harafin."

"Baba, wa yake sa lanƙwasa a waya? Matata kullum kauna take rubuto min, ban taɓa mayar mata in ce ta gyara ba. In na ce a sayo kosai, ƙosai ake kawowa. Da farko an ce kare, na kawo kare. Aka ce ba shi ba. To in ba kare ba ne, me ya rage?"

Jama'a suka rabu biyu. Masu faci suka ce Murtala ya yi daidai. Mai shayi ya ce ya kamata ya tambaya. Wata mata ta ce ita wayarta tana da lanƙwasa amma ba ta san inda take ba. Wani ya ce duk wanda ya rubuta wannan jahili ne, bai iya Hausa ba, bai iya kwamfuta ba.

Daga sama murya ta fashe.

"Wa ye jahili? Daidai na rubuta! Kare ta! Kariya! Harafin a miƙe yake, ku duba da kyau!"

Kowa ya ɗaga kai.

"Wane ne wancan?" in ji Alhaji.

"Auta ne," in ji mutane da yawa.

"Koren Damisa," in ji Abdulmalik, da ƙaramar murya.

Alhaji ya kare ido da hannu ya ƙura masa kallo. "Na bokiti? Har Haɗeja aka kunna mana kai a wurin walima." Ya juya ga Rebecca. "Yaya aka yi ya shiga wayata?"

"Ranka ya daɗe, kwamfutar ofis na kai masa ya gyara wurin caji."

"Ya gyara?"

"Bai gyara ba."

"Amma Alhaji ka yarda na shiga," in ji Abdulmalik.

Alhaji ya juya wa reshen baya. Ya dubi Malam Bello da Baba Ayuba. "Ku kuma dattawa, kuna zaune a nan. Da ɗayanku ya tako ofis ya tambaye ni, da na ce muku ko ganyenta ba za a taɓa ba."

"Mun so zuwa," in ji Malam Bello. "Aka ce mana duniya ta wuce nan."

Alhaji ya ce reshen da ya rage duk wanda ya taɓa shi sai sun haɗu a kotu. Ya ce a sauko da yaron ya zo ofis gobe da uwarsa. Aka waiwaya neman mai yanka, ashe tun da ya ji ana maganar kotu ya sulale da injinsa da tsaninsa. Alhaji ya shiga mota ya ja ƙofa da ƙarfi ya tafi.

Rana tana nan a kan layin. Inna Lami ta tsaya a cikin tarin ganye, ta dubi ƙasa. Inuwar reshe ɗaya ce ta rage, siririya, sai a tsakiyarta akwai wani dunƙule mai faɗi inda Abdulmalik yake. Ta ja murhu zuwa wurin. Ta ɗora kasko. Ta jawo kujerarta ta zauna, inuwar ta rufe ta da kaskon daidai.

Masu faci suka iso da wani dogon tsani da suka aro.

"Ku ajiye shi," in ji Inna Lami. "Sai rana ta faɗi."

"Inna!"

"Buɗe rigar nan da kyau. Matsa hagu kaɗan. Yauwa, tsaya a nan."

Ta jefa awara a mai. Wata yarinya ta matso da kwano, ta raɓa cikin inuwar, ta ce a zuba mata da yaji.